Abin da ya raba Jules Verne da jirgin ruwansa

Malam Edita,

Sau da yawa idan ana ba da tarihin marubucin Faransa Jules Verne, sai a ce harbin da aka yi masa ne ya sa ya bar teku. Muna roƙon a gyara wannan magana, domin a watan Fabrairu na 1886 ya sayar da jirginsa, ɗan ƙanensa Gaston kuma bai harbe shi a ƙafa ba sai ranar 9 ga Maris.

Jiragensa uku ne, dukansu sunansu Saint-Michel. Na farko, na 1868, ƙaramin jirgi ne irin na masunta da ya ajiye a Le Crotoy, wani gari na bakin teku a arewacin Faransa, inda ruwa kan janye ya bar jirgi a kan rairayi, sai teku ya cika a fita. Irin wannan ba ya cin kuɗi. Na uku ne ya zame masa kaya. Ya saye shi a 1877 a kan faran 55,000 (kuɗin Faransa na lokacin), jikinsa na ƙarfe, injinsa na tururi, ga ma'aikata wajen goma. Wanda ya san harkar ya san kuɗin saye shi ne mai sauƙi. Ana bukatar kwal, ana biyan albashi. Ruwan gishiri yana cin ƙarfe, dole a fito da jirgi a kankare tsatsa a sake fenti. Tukunyar tururi ma gishiri na daskarewa a cikinta, in ba a goge ba ƙarfen ya ƙone. Ko jirgi na ɗaure a tasha, aljihu na zuba.

Ga kuma ɗawainiyar gida. Ɗansa tilo, Michel, ya gagari iyaye har aka kai shi gidan horon yara na Mettray a 1876. Ya yi aure ba da yardar uba ba, ya bar matar ya bi wata, bashin da ya ci kuma uban ne ya riƙa biya. Bayan tafiyar 1884 zuwa Aljeriya da Italiya, Verne ya haƙura ya saki jirgin a kan faran 23,000, ƙasa da rabin kuɗinsa.

Harsashin ya zauna a ƙafar, ya bar shi da ɗingishi. Duk da haka ya shiga majalisar birnin Amiens a 1888, bai ajiye alƙalami ba har ciwon sukari ya ci ƙarfinsa, ya rasu a 1905.

Naku,
Wasu malaman adabi, ma'abota jaridarku