Tumatir ba ya jiran hanya ta yi lafiya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu ɗan fili mu tofa albarkacin bakinmu kan maganar fitar da kayan lambu zuwa ƙasashen waje daga jihar Kaduna. Ana yawan kawo batun tashar tsandauri ta Kakuri da aka buɗe a 2018 kamar da ita an gama komai, alhali asarar tun daga bakin gona take farawa.

Inda babu tsaro, lokaci ne ke cin manomi. A wasu sassan Giwa, Birnin Gwari da Chikun, shekaru aka yi ba a shiga gona da asuba, direba kuma ba ya bin hanya da dare, kuma waɗannan su ne lokutan sanyin da kayan gwari ke so. Sai a tsinki tumatir da rana tsaka, a danna shi cikin kwando, a jera kwando kan kwando. Na ƙasa ya fashe, ruwansa ya ruɓar da sauran tun kafin a kai kasuwar Mile 12 a Legas.

Gyaran ba na biliyoyi ba ne. A tsinki tumatir yana fara ja, kada a jira ya nuna luguf. A zuba a akwatin roba mai cin kilo 25, wanda nauyi ke sauka a gefensa. A kafa rumfunan tara kaya a garuruwan da ke da jami'an tsaro, motoci su tashi ayari guda. Mai ɗakin sanyi ya tsaya a digiri 12 zuwa 13. Ƙasa da 10, tumatir da mangwaro sukan yi tabo, nunar ma ta lalace.

A ganinmu, a fara da abin da zai iya jira: busasshiyar citta daga Kachia da Jaba, kauɗa da barkono. In an rufe hanya mako guda, buhun kauɗa yana nan lafiya. Sai dai shanya a gefen kwalta ita ke sa a dawo mana da kaya. Ƙura, kashin awaki da raɓa suna kawo fumfuna, wadda ke haifar da gubar aflatoksin. A shanya a kan gado mai raga da ya ɗaga daga ƙasa, a rufe da yamma, kada a ɗura a buhu sai citta tana karyewa ƙas. Irin ma a tantance shi, don cutar da ta cinye gonakin citta a Kudancin Kaduna a 2023 ba ta ƙare a bakin mutane ba.

Sai feshi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu saboda sinadarin dichlorvos, wato na fiya-fiya. Tun da tsutsar sharon mai cin tumatir ta yi ɓarna a 2016, manoman tumatir ke ninka magani. Kowace kwalba tana ɗauke da kwanakin da za a jira kafin tsinka. A rubuta sunan magani da ranar feshi a littafi, domin mai saye na waje shi zai fara tambaya.

Roƙonmu ga gwamnatin jiha shi ne ta sa jami'an hukumar NAQS, masu ba da takardar lafiyar tsirrai, su riƙa duba kaya a rumfunan tarawa, kafin a ɗaure buhu.

Daga wasu malaman gona da 'yan gwari,
Kaduna