Kafin kwamiti ya zauna

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari tattaunawar da kuka yi kan yadda shugabanni ke yanke shawara idan rikici ya ɓarke. Baƙinku sun yi ta maganar kafa kwamiti da zaman majalisar tsaro. Ban raina wannan ba, amma mu da muka ga na Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010 a nan Jos, mun san kafin a gama kiran 'yan kwamiti unguwa ta riga ta zama toka.

A daren farko na rikicin 2008, wanda ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, labari ya shigo layinmu wai ga su nan tafe. Samari suka fito da gora da adda, wasu ko takalmi babu. Mai unguwarmu, Allah ya jiƙansa, shi ma bai san gaskiyar zancen ba. Ya jawo benci ya girke a bakin layi, ya tura mutum biyu su leƙo, ya ce duk mai son wucewa sai dai ya tsallake shi. Wani yaro ya ce, "Baba, mu zauna har su same mu?" Ya ce, "In sun zo, ni za su fara samu." A kan bencin nan aka kira asuba. Ba wanda ya zo. Da yaran sun fita kuwa, Allah kaɗai ya san gidaje nawa za su yi zaman makoki.

Haka Liman Abdullahi Abubakar ya yi a ƙauyen Nghar da ke Barikin Ladi ranar 23 ga Yuni, 2018. Yana da shekara 83, ya ɓoye mutum 262, akasarinsu Kiristoci, mata a gidansa, maza a masallaci, ya tsaya a ƙofa ya hana mahara shiga. Amurka ta karrama shi a 2019, amma ranar da ya tsaya ɗin ba shi da ɗan sanda ko ɗaya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake sa dokar hana fita ta awa 24. A karanta sanarwa, sai shiru. Mai naƙuda fa? Mai ciwon suga da allurarsa ta ƙare? Matar ƙanena a zaure ta haihu a irin wannan daren, da fitilar waya, don an mayar da su daga shinge.

Don Allah, Malam Edita, duk ranar da aka kawo muku irin wannan sanarwa, ku tambayi mai kawo ta: wace lamba mara lafiya zai kira, wace hanya zai bi zuwa asibiti, kuma ƙarfe nawa shugaban zai sake fitowa ya yi wa jama'a bayani da bakinsa?

Naku,
Wani mai sauraro daga Gangare, Jos