Ba zink ne jabu ba, wuta ce ke yoyo a jirgi

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwanmu masu aikin gyara da wanke jiragen ruwa a nan Legas, musamman irin masu tafiya da iska da ake ɗaurewa a jeti. Kullum ƙorafin ɗaya ne, an ɗaura sabon zink, wato ɗan dunƙulen ƙarfen da ke kare sauran ƙarafan jirgi daga zagwanyewa, a sandar farfela, kafin wata biyu ya zagwanye, sai oga ya hau faɗa wai an sayo masa jabu ko yaro ya ci kuɗin. Wallahi sau da yawa zink ɗin bai da laifi.

Shi dama aikinsa kenan a cinye shi. Duk inda ƙarfe iri biyu suka haɗu cikin ruwan gishiri, kamar farfelar tagulla da sandarta ta sitenles, to an samu batir, wuta za ta riƙa tafiya kuma mai rauni a cikinsu shi zai narke, shi ya sa ake liƙa zink ya tare wa sauran faɗan. Tun 1824 Humphry Davy ya gwada dabarar a jiragen yaƙin Ingila. In komai lafiya lau ne yakan kai wajen shekara, ya ci rabi a canza.

To in ya ƙare da wuri, fara duba wayar wutar da aka jona daga jeti. Koriyar wayar nan ta at, wato mai kai wuta ƙasa, ita ke haɗa jirginka da duk jiragen da ke kan layin, in maƙwabci ya bar nasa ba zink, naka ne zai riƙa kare masa farfela kana barci, tamkar wanda ya saci wuta daga mitarka kai kana biyan bil. Kuma kar wani ya ce zai yanke wayar, ita ce ke hana wuta kashe mutum, akwai ɗan akwatin aisoleta da ake sa wa a kanta ko taransfoma mai raba wutar jirgi da ta jeti.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne yoyon wutar batir. Famfon da ke zuƙe ruwan cikin jirgi, sai ka ga an haɗa wayarsa da salatef tana kwance cikin ruwa, har ta yi kore. Wannan ba ya jiran wata biyu, cikin 'yan makonni zai iya ƙwaƙule farfela. Na taɓa ciro wata da bakinta ya koma kamar ɓera ya gwaigwaya, kuma ta yi ja-ja, alamar zink ɗin da aka gauraya a cikin ƙarfen farfelar kansa ya fice kenan, in ka buga ta ba ta amo sai ƙwas. A kashe komai, a cire kan batir, a bi layi ɗaya-ɗaya da mita har a gano.

Wani lokacin ma zink ɗin ne ya yi ƙarami ga yawan ƙarfen da fenti ya goge a kansa. Wasu kuma na ƙarfen magnisiyam suke sayowa a madadin zink su jefa a ruwan gishiri, ai dole ya tafi da sauri.

Sannan masu murna wai nasu shekara uku bai ko motsa ba, ku ne abin tausayi. Ko an shafe shi da fenti, ko bai taɓa ƙarfen da kyau ba, ko ya yi farin ɓawo, wato farfelar ce ake ci. Farin ɓawon nan a ruwan daɗi zink ke yin sa, don haka masu injin kwalekwale a Yawuri da Kainji su ne ya dace su sa magnisiyam. Mu nan da ruwan lagun ke gauraye, damina ya yi sanyin gishiri rani ya ƙaru, ni dai na alminiyon nake sa wa, kuma ba na haɗa shi da zink a jirgi ɗaya.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka.

Naku,
wani makanikin jiragen ruwa, Legas