Rahoton Ayyukan Shekara: Kuɗin Wata, Littafin Tarihi da Ziyarar Badagry

Baba Rabaran, Shugaba, iyayenmu maza da mata, da dukan 'yan'uwa na wannan zumunta ta masu jin Hausa a nan Legas, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Rahoton bana ya ɗan yi tsawo, domin akwai maganganun da ake ta yi bayan an tashi sujada, da kuma a dandalinmu na WhatsApp, waɗanda suka cancanci a amsa su a rubuce kowa ya karanta da idonsa.

An yi tarukan wata-wata kamar yadda aka saba, kuma bayanansu suna hannun mataimakiyar sakatare ga mai son dubawa.

Takardar Ma'aji tana haɗe da wannan rahoto, saboda haka ba zan maimaita lissafinta ba, amma duk wanda ya duba zai ga cewa waɗanda suka biya kuɗin wata cikakke ba su kai rabin sunayen da ke cikin rajista ba. Wasu sun biya na farkon shekara suka yi shiru, wasu kuma tun bara amsarsu ɗaya ce, wato za su turo da yamma. Kwamiti bai jahilci halin da ake ciki ba, domin mu ma a kasuwa ɗaya muke sayen shinkafa, kuma mota ɗaya muke hawa. Shi ya sa aka sanar tun farko cewa duk wanda abin ya yi wa nauyi ya sami Ma'aji a keɓe, za a ɗauke masa ba tare da kowa ya ji ba. Kaɗan ne suka bi wannan hanya. Abin da ya fi ɓata rai shi ne iyayenmu gwauraye masu sayar da ƙosai da kunu su ne kullum kan gaba wajen biya, alhali masu albashin wata su ne sai an bi su har bakin mota.

Tunda aikinmu na bana tarihi ne, ya dace mu san cewa wannan wahala ta girmi kakanninmu. A shekarar 1742, a birnin Bristol na Ingila, bashi ya hau kan jama'ar John Wesley, wanda ya kafa Metodis, saboda ɗakin taron da suka gina. Wani mutum da ake kira Kyaftin Foy ya kawo shawara cewa kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya a mako, a raba jama'a rukuni-rukuni na mutum goma sha biyu, kowane rukuni da mai bi gida-gida yana karɓa, kuma shi da kansa ya ce a ba shi goma sha ɗaya daga cikin mafi talauci, zai cika wa wanda bai samu ba. Masu karɓar nan da suka fara shiga gidaje sai suka riƙa ganin wanda ba shi da lafiya da wanda ya ja da baya a bangaskiya, kuma daga nan ne tsarin aji, wato raba masu bi ƙananan rukunoni kowanne da jagoransa, ya samo asali, wanda har yau Ikilisiyar Metodis ke tafiya a kansa. Saboda haka masu cewa zumunta ta koma wurin karɓar haraji su yi haƙuri, gadon gidanmu ne.

Yanzu ga maganar littafi. Babban taron bara ya ɗora wa kwamiti rubuta ɗan littafi da Hausa a kan tarihin majami'ar Metodis ta Badagry, domin iyayenmu da ke gida waɗanda Hausa suke karantawa, kuma an yi alkawarin ƙaddamar da shi kafin Kirsimeti. Littafin bai fito ba, kuma na ji ana cewa kwamiti ya kwanta barci. Gaskiyar magana ita ce an gama rubuta sashen da ya taso daga zuwan bishara har zuwa 1852, an karanta shi, an gyara. Sashen da ya rage, wato yadda majami'ar ta rayu bayan masu mishan sun mai da hankalinsu wani wuri, ba a zaune a ɗaki ake rubuta shi ba. Sai an je Badagry a ranar aiki, an zauna da dattawan Ikilisiya, an nemi izinin duba tsofaffin rajistocin baftisma da na aure. 'Yan'uwan da suka ɗaga hannu a gaban kowa cewa za su yi wannan aiki, mafi yawansu ba a sake ganinsu ba. Bayan haka kuɗin da mai ɗab'i ya faɗa mana a farkon shekara ba shi ya faɗa a ƙarshenta ba, saboda tashin farashin takarda. Wasu sun ce a ara daga asusun jinya da jana'iza, kwamiti ya ƙi, kuma da za a sake kawo maganar gobe zai sake ƙi.

Akwai kuma lokacin da muhawara ta cinye mana. 'Yan'uwanmu na Taraba sun nemi a sa tarihin Bambur a ciki, kuma suna da hujja, domin a can suka san Metodis. Sai dai tushen biyu ne. Aikin Bambur ya fito ne daga masu mishan na Amurka, ta hannun Rabaran C. W. Guinter wanda ya zo ƙasar nan a 1906 ya yi aiki a Wukari kafin ya koma Bambur a 1923, shi kuwa na Badagry daga Ingila ya zo ta hanyar gaɓar tekun Gana, shi ne kuma ya haifi Ikilisiyar Metodis ta Nijeriya da ta sami cin gashin kanta a 1962. An yanke cewa Bambur ta cancanci littafinta daban, ba shafi biyu a ƙarshen na wani ba.

Abin da ya wanke mana zuciya a bana shi ne ziyarar Badagry, wadda aka yi ranar Asabar mafi kusa da 24 ga Satumba, ranar da mai wa'azin Metodis Thomas Birch Freeman ya sauka a garin a 1842. Mun tashi da asuba muka bi ta Okokomaiko da Agbara, iyayenmu mata suna ta rera waƙoƙin sujada da Hausa har cunkoson hanya bai dami kowa ba, ga masa da zoɓo da suka kwana suna shiryawa daga aljihunsu. 'Yan'uwanmu na babbar majami'ar da ke ɗauke da sunan Freeman sun karɓe mu hannu bibbiyu, suka ba mu dama muka yi waƙa ɗaya da harshenmu, su ma suka yi da Egun, harshen mutanen garin, da Yarbanci. Na ga dattawanmu suna share hawaye, kuma ban ga laifinsu ba.

Daga nan muka taka zuwa wurin da itacen Agia yake a da. Itacen ya faɗi tun 1959, yanzu ginin tunawa ne a wurin, kuma mutanen garin suna riƙe da cewa a ƙarƙashinsa aka fara wa'azi. A nan Baba Rabaran ya ba da tarihin, a tsaye cikin rana, ba takarda a hannunsa. Ya fara da abin da yawancinmu ba mu sani ba, cewa ba Turawa ne suka zaɓi Badagry don kansu ba, kiran su aka yi. Bayin da jiragen yaƙin Ingila suka ƙwato a teku aka sauke su a Saliyo, da yawansu Yarbawa ne, sun soma haɗa kuɗi suna komowa ƙasarsu ta wannan tasha tun wajen 1839. Ɗaya daga cikinsu, James Ferguson, shi ya rubuta wasiƙa a 1841 yana roƙon a aiko musu da mai wa'azi. Wanda aka aiko, Freeman, an haife shi a Ingila a 1809, ubansa baƙar fata ne uwarsa Baturiya, kuma aikin lambu yake yi kafin ya shiga aikin bishara. Ya isa Cape Coast, a gaɓar tekun Gana, a farkon 1838, inda zazzaɓi ya riga ya kashe waɗanda suka gabace shi, matarsa ma ba ta daɗe ba ta rasu, shi kuwa Allah ya ja kwanansa har 1890.

Baba ya daɗe a kan mutum na biyu, wanda ba a cika ambatonsa ba, wato William de Graft, mutumin Fante. Yana cikin samarin Cape Coast da suka roƙi wani matuƙin jirgin ruwa ya kawo musu Littafi Mai Tsarki, roƙon da ya sa aka aiko musu da mai wa'azin Metodis na farko, Joseph Dunwell, wanda ya iso a 1835. De Graft da matarsa ne suka rako Freeman zuwa Badagry. Bayan an kafa gidan mishan da ƙaramin ɗakin sujada na gora, Freeman ya wuce Abeokuta a watan Disamba ya gana da Sodeke, shugaban garin, ya dawo ya tarar da Henry Townsend na Anglikan ya iso, suka yi sujadar Kirsimeti tare, sa'an nan ya kama hanyar Dahomey wurin Sarki Gezo. De Graft da matarsa aka bari da 'yar jama'ar, su ne kuma suka buɗe makarantar yara a 1843. Baba bai ɓoye mana cewa aikin bai yi saurin kama ƙasa a tsakanin Egun ba, domin sun riƙe addininsu na gargajiya da ƙarfi, masu mishan kuma Abeokuta suke hange. Da rikicin sarautar Legas tsakanin Akitoye da Kosoko ya fantsamo garin a 1851 aka ƙone wani babban sashe nasa, sa'an nan Ingilishi suka ci Legas da yaƙi a ƙarshen shekarar, sai ciniki da mishan duk suka karkata can, aka bar Badagry da tsirarun masu bi. Yadda waɗannan tsiraru suka riƙe ƙofar majami'a a buɗe har ta kai matsayin da muka gani da idonmu, shi ne ainihin sashen littafinmu da ya rage, kuma a ganina ya fi wanda muka gama muhimmanci.

Matasanmu sun fi mamakin jin cewa garin yana da tsohuwar alaƙa da Arewa. Daga Badagry ne Turawa masu binciken ƙasa, Hugh Clapperton da Richard Lander, suka kama hanya a ƙarshen 1825, suka ratsa ƙasar Oyo, suka ƙetare Kwara a Busa, suka bi ta Kano har Sakkwato, inda Clapperton ya mutu a 1827 a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Da muka shiga kwalekwale muka ƙetara zuwa Gberefu, muka bi hanyar rairayin da ake kora bayi zuwa bakin teku, Baba ya tuna mana cewa cikin waɗanda aka fitar ta tashoshin wannan gaɓa zuwa Brazil akwai Hausawa da sauran mutanen Arewa. Mun yi addu'a a wurin kafin mu juyo. Ina kuma roƙon waɗanda suka sa hoton tsohon benen nan na Badagry a Facebook suna cewa Freeman ne ya gina shi su gyara rubutunsu, domin na Anglikan ne, an kammala shi a 1845, kuma bai kamata zumuntar da ke rubuta tarihi ta riƙa yaɗa kuskure ba.

Godiya ta musamman ga iyayenmu mata, da ƙungiyar mawaƙa, da ɗan'uwan da ya cika kuɗin mota ya ce kada a ambaci sunansa. Amma dole in faɗi cewa a ranar tafiya mun ga fuskokin da ba mu gani a taro ba tun farkon shekara, har wasu suna jayayya a kan kujerar gaba, kuma da aka dawo suka sake ɓacewa. Ba a hana kowa tafiya ba, domin ba mu so a ce an rufe wa wani ƙofa saboda kuɗi. Sakamakon haka shi ne gudummawar da muka yi wa masu masaukinmu alkawari a gaban bagadi har yau ba ta cika ba, kuma duk lokacin da suka kira don gaisuwa ni ne nake jin kunyar ɗaukar waya. Haka nan aikin ɗaukar muryoyin dattawanmu a kan yadda aka fara sujada da Hausa a nan Legas bai motsa ba, domin na'urar da aka ce za a ba da aro ba ta zo ba, alhali waɗannan dattawa ba ƙara ƙuruciya suke yi ba.

Kwamiti yana kawo wa babban taro shawara uku domin a yanke hukunci. A raba 'yan'uwa bisa unguwanni, Agege da Idi-Araba da Obalende da Ojo da Ikorodu, kowace unguwa da mai karɓar kuɗinta, domin aikin ya fi ƙarfin sakatare da Ma'aji su kaɗai. A fara biyan alkawarin Badagry daga kuɗin farko da ya shigo, kafin a taɓa maganar ɗab'i. Sa'an nan a sami mutum huɗu masu sukuni a ranakun aiki da za su koma wurin dattawan can, kuma wannan karon sai wanda ya rubuta sunansa da hannunsa za a lissafa. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka in ana son littafin ya fito kafin 24 ga Satumba mai zuwa, sai an gama tattara bayanai kafin Ista.

Za a raba kwafin sashen da aka kammala a taron farko na sabuwar shekara, kowa ya zo da abin rubutu domin gyara. Masu bashin bara da na bana su ga Ma'aji kafin ranar.

Naku cikin hidima,
Sakatare