Idan Faifai Ɗaya Ya Fara Ciwo a RAID, Kada a Yi Gaggawar Zare Shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarka in yi magana da masu kula da na'urorin ajiyar bayanai a ofisoshi, makarantu da ɗakunan tace finafinai, waɗanda suka jera faifan ajiya huɗu ko shida cikin akwati ɗaya bisa tsarin RAID, wato tsarin da ke haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar ɗaya, ta yadda in ɗaya ya lalace za a iya dawo da bayanansa daga sauran. Da yawa sun ɗauka cewa da fitilar faifai ɗaya ta koma ja, sai a zare shi a cusa sabo, shi ke nan. Alhali a daidai wannan gaɓa aka fi tafka asarar bayanai.

Da farko a tabbatar faifan ne ke da laifi. Kowane faifai yana riƙe da rahoton lafiyarsa mai suna SMART, ana karanta shi da umarnin smartctl -a. A duba lamba 5, wato yawan gurbi (ƙaramin sashen da faifai ke rubuta bayani a ciki) da ya lalace faifan ya musanya shi. Lamba 197, gurbin da ya kasa karantuwa yana jiran hukunci. Sai 187 da 198, masu ƙirga kurakuran karatu da faifan ya kasa gyarawa. Idan waɗannan suna hawa daga yau zuwa gobe, faifan ya kama hanya, ko da rahoton ya ce ya ci jarrabawa. Amma idan lamba 199 ce kaɗai ke ƙaruwa, galibi waya ce ko mahaɗinta ya saki, ba a sayi sabon faifai a kan haka ba.

Haɗarin yana cikin sake ginin, wato cika sabon faifai da bayanan da ake lissafowa daga sauran. A ce RAID 5 ce mai faifai huɗu, kowanne terabait 8. Kafin sabon faifai ya cika, dole a karanta sauran ukun kaf, terabait 24 ke nan, ba tare da tuntuɓe ba. Takardar faifan gida na yau da kullum tana cewa yana iya kasa karanta bit ɗaya cikin kowane tiriliyan 100, wato kusan sau ɗaya a terabait 12.5. Wannan iyakar muni ce, a aikace faifai kan fi haka, amma ba abin da mai hankali zai jingina da shi ba ne. Ga kuma lokaci: terabait 8 a gudun megabait 150 a daƙiƙa yana cin kusan awa 15, in ba kowa a kan na'urar. Sauran faifan kuwa yawanci rana ɗaya aka saye su, tsawon lokaci ɗaya suka yi suna juyi, zafi ɗaya suka sha. RAID 5 faifai ɗaya take iya rasawa, RAID 6 biyu. Saboda haka kafin a taɓa komai, a kwashe muhimman bayanai zuwa wani faifai na waje, a fara da bayanan da suka fi daraja.

Idan akwai ramin da ba kowa a akwatin, kada a cire marar lafiyar. A Linux, inda manhajar mdadm ke kula da RAID, a ƙara sabon da mdadm --add, sannan a yi mdadm --replace tare da --with. Wannan yana kwafa daga tsohon kai tsaye, sai inda ya gaza ne kawai ake lissafo gurbin daga sauran, don haka jerin faifan bai taɓa zama ba kariya ba. Masu ZFS, wani tsarin haɗa faifai na daban, suna samun irin wannan da zpool replace, tsohon yana nan a haɗe.

In dole sai an zare, a rubuta lambar siriyal daga rahoton a takarda, a gwada ta da wadda ke manne a jikin faifan. Sunayen da Linux ke ba faifai, irin su sdb da sdc, suna iya sauyawa bayan an kashe an kunna. Wanda ya zaro lafiyayye alhali marar lafiyar ya riga ya fita daga jerin, ya rasa biyu a take.

Sabon faifan ma a tantance shi. Girmansa ya kai na tsohon ko ya fi, a ƙidayar gurbi ba a rubutun kwali ba. Ya zama nau'in CMR, mai rubuta layukansa gefe da gefe ba tare da hawa juna ba. Na SMR yana jera layukansa kamar rufin kwano, wani a kan wani, rubutu mai tsawo kan sa ya yi nauyi har jerin ya kore shi a tsakiyar aiki. Faifan da aka ƙera don RAID yana haƙura da mugun gurbi cikin daƙiƙa 7, na gida kuwa yana iya nacewa har ya wuce daƙiƙa 30 da Linux ke jira, sai a ɗauka ya mutu. Idan na hannu ne aka samo a kasuwa, a duba lamba 9 a ga awoyin da ya yi, a kuma yi masa smartctl -t long har ƙarshe kafin a ba shi amana.

Sai wuta, wadda mu nan ba a yi mata alkawari. Kada a fara gini sai UPS tana da batiri mai rai kuma janareta na da man da zai kai gobe. A kakkaɓe ƙurar hunturu daga fanka, a sa ido kan lamba 194. In zafi ya haura digiri 50, a ƙara iska a rage wa na'urar aiki.

Idan faifai na biyu ya faɗi ana cikin gini, a tsaya. Kada a yi mdadm --create, mai ƙirƙirar sabon jeri, kada a yarda da duk wani maɓalli da ya ce a shirya faifai daga farko. A kwafe wanda ya faɗin zuwa sabo da ddrescue, manhajar kwafe faifan da ke lalacewa, sannan a haɗa jerin da kwafin ta --assemble --force, a buɗe shi don karatu kawai, a kwashe abin da ya samu. Idan kuma gini ya kammala lafiya, a sa na'urar ta riƙa bin dukan faifan gurbi-gurbi sau ɗaya a wata, kuma ta aika saƙo zuwa adireshin da wani ke buɗewa kullum.

Wassalam,
Wani mai kula da na'urorin ajiya, Kano