Zuwa ga Dogo, a Fatakwal

Wusasa, Zariya
Daren Talata

Dogo mutumina,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya Madam, ya yara, ya ruwan saman garinku da ba ya gajiya? Wata bakwai ba ka ji ni ba, ni ma ban ji ka ba, sai hotonka da na gani a Facebook ka ajiye tumbi kamar ɗan kwangila. Kai da iska ke neman kayarwa a kan dutsen Kufena! Ashe kifi na aiki. Tambaya ce a kan buɗe kemis ɗina ran Lahadi ta sa na ɗauki biro, amma bari ka sha labari tukuna.

Lahadi biyu da suka wuce ni ne da karatu na biyu a coci. Na sa farar shaddata, ina ɗaura agogo, sai ga sallama. Mai shayin bakin titinmu ne, da ɗansa a kafaɗa, yaron bai cika shekara biyu ba. Amai da gudawa tun daren Asabar. Ido ya zurma, na ja fatar cikinsa na saki, ta ƙi komawa. Na buɗe kemis na haɗa ruwan gishiri da sukari, ana ba shi a cokali yana dawo da shi. Na ce wannan ya fi ƙarfin shago, sai ƙarin ruwa. Na tada babur muka yi asibiti. Ban dawo ba sai ƙarfe ɗaya, an daɗe da tashi sujada, shaddar kuwa kada ka tambaya. Yaron yana nan garau, jiya na gan shi yana jan wutsiyar akuya.

Ran Laraba bayan addu'ar yamma Baba Dattijo ya ja ni gefe. Na riga na shirya masa, domin na ɗauka rashin zuwana zai yi wa faɗa. Kafin ya buɗe baki na kawo masa Markus 2:27, cewa an yi Asabar domin mutum ne, ba mutum domin Asabar ba. Sai ya yi dariyar nan tasa ta gefen baki, ya ce, "Ɗana, wannan ayar har masu burkutu sun haddace ta. Yaron mai shayi, ko ni da sandata zan kai shi. Amma tun bara kana buɗe shago kowace Lahadi da rana. Mai sayen man shafawa da katin waya, shi ma ransa kake ceta?"

Dogo, bakina ya mutu.

Na koma gida na buɗe Luka 13, ina neman abin kare kai. Ka tuna matar nan da ta yi shekara 18 a tanƙware, wadda Yesu ya warkar a majami'a ran Asabar? Ban taɓa lura ba sai ranar: ba mutuwa za ta yi ba. Wadda ta jure shekara 18 ai za ta iya kwana ɗaya. Abin da shugaban majami'a ya faɗa ke nan, akwai kwana shida na aiki, a zo a cikinsu. Kuma mutumin ba mahaukaci ba ne. Malaman Yahudawa da suka lissafa ayyuka iri 39 da aka hana ran Asabar, su da kansu sun yarda ceton rai ya sha gaban dokar. Rigimar a kan ciwon da zai iya jira ne. Yesu kuwa ya ƙi barin ta ta jira, ya ce ba wanda ba ya kwance sansa ko jakinsa ran Asabar ya kai shi shan ruwa. Nan na ji daɗi. Ke nan mai ciwon haƙori da tsohuwar da maganin hawan jininta ya ƙare, ba zan ce musu su dawo Litinin ba.

Daɗin bai daɗe ba. Na duba wasu da Yesu ya warkar ran Asabar, mai shanyayyen hannu da na bakin tafkin Betasda mai shekara 38 a kwance, ban ga inda aka karɓi ko kwabo ba. Ni kuwa da na ɗauko littafin ciniki, sai na tarar Lahadi ta fi Talata kawo kuɗi, don yawancin shagunan layinmu a rufe suke. Tausayi ne ke buɗe ƙofar nan ko aljihu? Kwana uku ina juyi a gado har Madam ta ce ko kuɗin cizo ne.

Mijin Talatu ya zo ran Alhamis, ka san shi da Adbantis ɗinsa, cocin nan masu sujada ran Asabar. Ya ce mu duka ɓata bakinmu muke, Lahadi ba Asabar ba ce, hutu daga faɗuwar ranar Juma'a ne zuwa faɗuwar ranar Asabar. Na ce to asibitinku na Jengre rufewa yake? Ya ce a'a, jinya ba ta da hutu, amma akwai ma'aikatansu da ba sa cin kuɗin aikin ranar, sadaka suke yi da shi. Na so in jefe shi da abin da ka taɓa gaya mini lokacin kana karatun tarihi a Samaru, cewa ko sarkin Rum Kwanstantin da ya kafa hutun Lahadi a shekara ta 321 ya bar manoma su je gona. Sai na ga wannan ma ba da ni yake ba, ni ba shuka nake ba. Muka ci tuwo ya tafi. Af, Talatu ta sake haihuwa, namiji, goshin ubansa sak.

Abin ma da ban dariya a ce a Wusasa ake wannan gardama, garin da mishan ɗin likita Miller ya dawo cikinsa a 1929, asibitinsa ma sunan Luka likita gare shi.

Madam ce ta kawo dabara. Lahadin nan na rufe kantar man shafawa da sabulai da tsohon zaninta, magani kaɗai a waje, kuɗin kuma a gwangwanin madara, na waɗanda za su zo ba su da shi. Wata ta zo neman turare na hana ta, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yau kuma mai kemis ya zama waliyyi?" Gwangwanin ya tara abin kirki. Sai dai jiya da aka ɗauke wuta na ari kuɗin man janareta a ciki. Na rubuta a takarda na saka, zan mayar. Kada ka yi mini wannan dariyar taka, ina jin ta daga nan.

Baba Dattijo ya wuce ta gaban shagon, ya kalli zanin, ya kalle ni, bai ce uffan ba. Ya sayi maganin tari. Ya biya.

Sanyi ya fara sauka, hazo har ya rufe Kufena da safe. Zumuntar Mata sun yi sabon anko, an kusa ba hammata iska a kan launi, wannan labarin sai ka zo. Shugaban mawaƙa kuma wai zai yi aure a wannan shekarun nasa, kuma ka san amaryar, amma ba zan faɗa a takarda ba. In za ka zo Kirsimeti ka taho mini da busasshen kifi, ba irin na bara mai tsutsa ba.

Ka gaida Madam da yara.

Naka,
Mai Kemis