Takardar Koke Kan Korar 'Ya'yanmu Daga Makaranta Saboda Kuɗi

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
ta hannun Dagaci da Masu Unguwanni.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, muna roƙon Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ja zamanin Mai Martaba Sarki, ya zaunar mana da ƙasar Katsina lafiya. Mu talakawanka ne, iyayen yara maza da mata. Mun taru a ƙofar masallaci ranar Juma'a bayan la'asar, dattawa suka ce a rubuto maka, domin kai ne ubanmu, ba mu da inda za mu kai kuka da ya wuce ƙofarka. In an ga kaushi a wata magana, a gafarce mu, ciwo ne ya kai mu maƙura.

Ranka ya daɗe, ranar Talatar da ta wuce da hantsi aka koro 'ya'yanmu daga makarantar gwamnati ta unguwarmu, ana saura mako guda a fara jarrabawar ƙarshen zango. Laifinsu shi ne iyayensu ba su biya abin da aka kira kuɗin jarrabawa da kuɗin gyaran aji ba. Da ma a ce takarda aka ba su su kawo gida, da da sauƙi. A filin taro aka riƙa kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, a gaban sauran yara, aka ware su gefe, sannan aka buɗe musu ƙofa. Wasu daga cikin mazan kunya ta hana su komawa gida, sai da azahar aka tsinto su a tasha. Akwai wata marainiya 'yar aji uku na ƙaramar sakandare, malamanta da kansu suna shaidar ƙwazonta. Uwarta awara take soyawa, kuma watan jiya ta sayar da akuyarta ɗaya tilo ta saya mata littattafai. Yarinyar nan ta dawo gida ta ninke kayan makarantarta, ta ɗauki farantin talla, ko kuka ba ta yi ba. Uwar ce ta zo gaban liman tana kuka har da majina. Duk wanda ya ga wannan abu a cikinmu bai yi barcin kirki ba a daren.

Ba yau muka fara magana ba. Mun je makaranta, aka ce abin daga sama yake. Mun je sama, aka ce a rubuto. Mun rubuta, bara da bara waccan, an ce za a kafa kwamiti, an ce a jira a dawo hutu, an ce wanda ke sa hannu ya yi tafiya. Sawu nawa muka yi, mu kanmu mun daina lissafi.

Allah ya taimake ka, abin da ya fi ƙona mana rai shi ne a ƙasar Katsina ake yin wannan. Kai ka fi mu sanin tarihi, amma muna roƙon izini mu tuna shi a gabanka. Hasumiyar Gobarau tana nan tsaye tana shaidar cewa garin nan ya yi ɗaruruwan shekaru ana zuwa neman ilimi a cikinsa. Nan Wali Ɗanmasani da Wali Ɗanmarna suka karantar. Daga ƙasar nan Malam Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi, ya tashi har ya kai Masar, ya rasu a Alƙahira a 1741, Larabawa suna ɗaukar karatu a wurinsa. Da wane kuɗi aka yi duk wannan? Uba ya kama hannun ɗansa ya kai wa malam, ya yi sadaka gwargwadon hali. Allo guda ne, masassaƙi ya sassaƙa, yaro ya rubuta, ya biya, ya wanke, ya sake rubutawa, shekara da shekaru, in ya gama ƙanensa ya gada. Alƙalami karan gamba ne. Tawada gawayi ne da ƙaro, a gida ake dafa ta. Ranar Laraba a ba yaro kuɗin Laraba ya kai, wanda ba shi da shi ya tafi hakanan, malam ba ya juya masa baya. Da damina ɗalibai su taya malam noma, da kaka masu gona su aika masa da dami. Wanda ya sauke ya shiga karatun zaure, daga Ahalari zuwa Ishmawi har Risala, ya zauna a kan buzu gaban malami shekara goma ba a taɓa miƙo masa takardar biyan kuɗi ba. Gari ne ke ɗauke da ɗalibi, gari ne ke ɗauke da malaminsa.

Ba mu ce wancan zamani ba shi da wahala ba. An sha bulala, an sha yunwa, an yi tafiya gabas a ƙafa, kuma ba muna neman a mayar da 'ya'yanmu bara ba ne. Amma ba mu taɓa jin labarin malamin da ya kori yaro daga gaban allo don ubansa matalauci ne ba.

Da boko ya zo ma haka aka soma. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, wadda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu a cikinta. Dattawanmu da suka yi makarantun En'e suna raye, suna gaya mana abinci da tufafi da littattafai duk ba su ake yi. A lokacin iyaye ɓoye yara suke yi a rumbu da bayan gari, kuma sarakuna ne, kakanninku, suke tura dagatai da dogarai a fito da su a kai su aji, uwa tana bi tana kuka. Ranka ya daɗe, sarauta ce ta koya mana yarda da boko. Mun yarda, mun kawo yaran da hannunmu, har da mata. Yau ga uwa tana kuka a ƙofar liman don an koro mata 'ya.

A 1976 gwamnati ta shelanta firamare kyauta ga kowa. A 2004 aka yi doka cewa karatun shekara 9, firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne, har da hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa. To shi wanda ya koro yaron fa, me doka ta ce a kansa? Kyautar nan ba ma ganinta. Kuɗin PTA, kuɗin alli, kuɗin tsintsiya, kuɗin darasin yamma, kuɗin katin sakamako, kayan makaranta sai a wurin da aka ce a saya. Littattafan yanzu a cikinsu yaro ke rubutu, shekara na ƙarewa sun zama na ƙunsa ƙosai, ƙane ba zai gada ba. Makarantun kuɗi kuwa har ɗan nazare ana yi masa bikin yaye, a ce a ɗinko riga da hula. Wasu Islamiyyoyin ma sun bi sahu. In an kai lokacin WAEC da NECO, gida mai yara biyu sai ya zaɓi wanda zai zana, kuma kowa ya san yarinyar ake cewa ta haƙura.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, komai ya bi ta. An ce mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, amma yawancinmu ba 'yan albashi ba ne. Manoma ne da masu ƙananan sana'o'i, wasunmu gonakinsu na nesa sun gagara zuwa saboda 'yan bindiga. Mun san malamai ma suna cikin ƙunci, mun san rufin wasu azuzuwan ya yaye. Ba mu da faɗa da malamai. Amma ba a wuyan marainiya za a ɗora gyaran rufi ba.

Saboda haka, Allah ya ja zamaninka, muna roƙo da girman Allah a mayar da yaran nan aji kafin ranar Litinin, su zana jarrabawa tare da 'yan uwansu. Muna roƙon ka kira shugabannin makarantu da jami'an ilimi gabanka, tare da wakilanmu, a karanto kowane kuɗi da ake karɓa, a faɗi wanda ya ba da izininsa da inda yake tafiya, wanda ba shi da tushe a soke shi, wanda ya rage a rubuta a manna a ƙofar makaranta, a kuma riƙa ba da rasit. A hana kiran sunan yaro a bainar jama'a saboda bashin ubansa. A tsayar da littafi guda na wasu shekaru yadda ƙane zai gaji yaya. Ka yi wa attajiranmu da 'ya'yan ƙasar nan da suka yi karatu kyauta magana, a ware wani kaso na zakka da sadaka don marayu, a ƙarƙashin idonka da na limamai, mu ma kowa zai kawo abin da ya sawwaƙa da kaka kamar yadda iyayenmu suka yi. Abin da ya fi ƙarfin ofishinka, muna roƙon ka isar mana da shi gaban Mai Martaba.

Muna sake roƙo, ranka ya daɗe, a fara da mayar da yaran. Sauran za mu iya jira, jarrabawa ba za ta jira ba. Sunayen waɗanda aka koro da azuzuwansu suna hannun Mai Unguwa, kuma a shirye muke mu zo fada duk ranar da ka kira mu.

Allah ya ƙara maka imani da adalci, ya ja zamaninka.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Limamin unguwa, dattawa, wakilan iyaye maza da wakilan iyaye mata,
a madadin dukkan waɗanda suka sa hannu da waɗanda suka dangwala.